Yana Jin Takun Sawu

Belzoni, Mississippi
6 ga Disamba

Zuwa ga ƙanena Lemuel,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da gwiwar nan taka da aka ce ba ta barinka hawa bene. Mu nan lafiya lau, sai yatsuna da ƙayar tarwaɗa ta gama da su a kamfanin kifi. Shi ya sa za ka ga rubutun ya karkace, kada ka yi mini dariya.

Na san za ka yi ta juya ambulan kana cewa wace ce kuma Vernice Mabry. To ni ce jikar Inna Dovie, yayar kakarka Pearline. Ni na yi ta goyonka shekarar da aka kawo ka hutu, ka cinye kek ɗin dankali a taron coci ka amayar da shi a kan takalmin Fasto. Rabona da kai shekara goma sha ɗaya, tun jana'izar Kawu Booker. Adireshin ofishinku a wurin Fasto Tillery na samu.

Ba zan yi ta kewaye-kewaye ba. Ɗana Alton zai gama jami'a bana. Ka san shi, don ya ce ya hango ka sau biyu a bakin fili da agogo a wuya, ka ɗauke kai kamar ba ka gan shi ba. Shekara huɗu yana cafe wa jami'ar ƙwallo a wasan nan na ƙwallon Amurka da ake jefawa da hannu. Ni ban san kan wasan nan ba. Abin da nake gani shi ne wani ya jefa, Alton ya ruga ya cafe, ƙattai su rufar masa, ni kuma in rufe ido. Amma kowa ya shaida abin da ya taɓa hannunsa ba ya faɗuwa.

Fasto ya karanta mini a jarida cewa ƙungiyar da kake wa aiki ita ta zo ta ƙarshe bana, Allah ya ba ku haƙuri. Ya ce a al'adarku wanda ya fi kowa shan kashi shi ke fara zaɓar sababbin 'yan wasa a watan Afrilu, kuma ku mai cafewa kuke nema ido rufe. Ya ce aikinka ke nan, ka zaga makarantu ka rubuta wa manyanku wanda ya dace. Da na ji haka na ce Ubangiji ya gama mana komai.

In ba wasan nan ba, wuƙar kifi ce ke jiransa, kamar yadda ta jira ubansa har ya rasu. Ban taɓa roƙonka komai ba, Lem. Ka sa baki a ɗauki ɗanka.

Yayarka,
Vernice


Ruston, Louisiana
9 ga Janairu

Yaya Vernice,

Wasiƙarki ta same ni bayan ta bi ni masauki uku. Na gode da gaisuwa. Gwiwa tana nan tana mulkinta. Ban manta ki ba, kuma kek ɗin nan ke kika ce in ƙara.

Gaskiya ne na ga Alton, sau biyar ma, ba biyu ba. Ban yi masa magana ba don kowa a harkar nan ya san jinina ne. Ni da bakina na faɗa wa ofis tun yana aji biyu, don kada a ji a waje.

Zan gaya miki abin da bai kamata ya fita daga bakina ba. In kin karanta ki ƙona takardar.

Masu cafewa iri biyu ne. Akwai mai gudu, wanda ke bin gefen fili ya wuce kowa, a jefa masa daga nesa. Akwai kuma mai shiga tsakiya, inda ƙattan masu tsaro ke jira. Shi wannan zai miƙa hannu sama ya cafe, alhali ya san sarai za a doke shi kafin ƙafarsa ta taɓa ƙasa. Wata biyu ke nan ana rigimar wane iri za mu ɗauka. Mai ƙungiya mai gudu yake so, don shi ke sa 'yan kallo su miƙe tsaye. Koci Voss kuwa ya buga tebur ya ce, "Ni ba tsere na zo yi ba. Ku samo mini mai zuciya, wanda zai shiga tsakiya ya fito da ƙwallo ko da haƙoransa a ɗaya hannun." Sai duk suka juyo suna kallona, don Kudu yankina ne.

Alton ba shi da gudu, Yaya. Na auna shi a yadi arba'in sau uku, agogo bai taimake shi ba ko sau ɗaya. Amma a shiga tsakiya ban ga na biyunsa ba bana. Shi ne mutumin da Voss ke siffantawa, har tsawon hannun.

Ga inda matsalar take. Mai jifanmu, Kessler, yana jefa ƙwallo sama fiye da kima, kuma a makare. Dole mai cafewa ya yi tsalle ya buɗe haƙarƙari da wuya, daidai lokacin da mai tsaro ya iso a guje da hular kwano a gaba. A tsakaninmu jifan asibiti muke ce masa. Kowa ya sani, ba mai faɗa, don Kessler ɗan lelen mai ƙungiya ne. Sau ɗaya na taɓa buɗe baki a taro, aka tambaye ni yaushe aka ba ni aikin duba masu jifa.

Shekara uku da suka wuce ni na kawo musu Wendell Ashby, irin Alton sak. Shafi huɗu na rubuta ina yabonsa. Makon jiya na biya ta gidansa, na tarar matarsa ce ke ɗaura masa igiyar takalmi. Ya ce mini, "Mista Gaskins, ƙarfe nawa za mu fita fili?" Sau uku ya yi mini tambayar kafin in shanye kofi ɗaya.

Kuma wanda aka zaɓa ba shi da bakin cewa a'a. Inda sunansa ya faɗa can zai je, ko ya haƙura da wasan. Ni ma ba ni da wurin zuwa. Shekara goma sha tara ina kan hanya, ni kaɗai ne baƙar fata a ɗakin taron nan, in na tashi ba wata kujera da ke jirana a ko'ina. Saboda haka ki yi addu'a, amma ki roƙi Allah kowace ƙungiya ta ɗauki Alton ban da tamu.

Ƙanenki,
Lem


Belzoni
21 ga Janairu

Lemuel,

Muna lafiya. Ina fata kai ma haka.

Na karanta wasiƙarka sau uku, kuma duk tsawonta magana biyu na tsinta. Ɗana ba shi da gudu, kuma ban da ku. Sauran duk ado ne.

Haɗari kake gaya mini? Ranar Laraba inji ya ɗauke wa abokiyar aikina Cleotha yatsu biyu a gefena, aka goge tebur aka ci gaba da aiki. Ba wanda ya rubuta mata shafi huɗu. Kai da ka bar yankin nan kana ɗan shekara sha takwas ba kai za ka koya mini abin da ke cin mutum ba.

Ka ce kowace ƙungiya. Wace ƙungiya, Lem? Makarantar Alton 'yar mitsitsiya ce a ƙarshen titi, waye ke zuwa can in ba kai ba? Sauran in sun zo ma maganarka za su tambaya.

Na gane inda ka dosa da ka ce kai kaɗai ne baƙar fata a ɗakin. Ba ka so a ce ka jawo danginka masu ƙarnin kifi, kujerarka ta girgiza. To ka faɗa kai tsaye mana, ai ba yau aka fara jin kunyarmu ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ba zan ɓoye maka ba.

Abu ɗaya nake nema yanzu. In ka rubuta wa manyanka rahoto a kan ɗana, ka gaya mini abin da ka rubuta, kalma da kalma. Wannan dai ina da haƙƙinsa.

Vernice


Lake Charles, Louisiana
8 ga Fabrairu

Yaya Vernice,

Ina gaishe ki, ina gaida yatsu. Ki gaida Cleotha da jiki. Ban ji haushin wasiƙarki ba, sai dai ta hana ni cin abinci kwana biyu.

Ranar Litinin aka rufe karɓar rahoto. Na zauna da takardar a mota a bakin gidan waya fiye da awa ɗaya kafin in jefa ta. Ba zan iya ƙin rubutawa ba, don in ban rubuta ba wani za a tura, shi kuma zai ga abin da na gani.

Kin ce kalma da kalma. Na ce hannunsa ya fi na kowa a yankina. Na ce ba ya shan giya, ba ya makara, yana girmama koci. Na ce gudunsa matsakaici ne. A layin ƙarshe na rubuta: yana jin takun sawu.

Wannan maganar 'yan harka ce, ki bar ta a tsakaninmu. Allah ya sani abin da na ga zai fisshe shi na rubuta. Daga gobe zan shiga Texas auna gudun ɗalibai, ba zan zauna wuri ɗaya ba sai Afrilu.

Lem


Belzoni
3 ga Maris

Ƙanena Lem,

Gaisuwa da fatan alheri. Ka yafe jinkiri, mura ce ta kwantar da ni mako biyu, yanzu na warware. Ka kuma yafe mini wasiƙar baya. Bakina ya fi ni sauri, haka nake tun muna yara.

Da na kai layin nan na ƙarshe sai da na yi hawaye. Ashe ka lura. Ai gado ya yi. Kawu Booker yakan tsaya a daji ya ce barewa ce, tana hagu, kafin kare ma ya ɗaga kunne. Alton tun yana rarrafe yake gane takun ubansa daga bakin titi. Wato shi ya sa ƙattan nan ba sa shammatarsa, yana jin su tun kafin su iso. Ni da nake rufe ido ban taɓa ganewa ba, kai da ka zo sau biyar ka gane. Lallai ba banza suke riƙe da kai ba.

Ka ce a bar ta a tsakaninmu, kuma na bari. Ko Fasto ban gaya wa ba, ga shi kullum sai ya tambaya. Amma Alton ai namu ne. Yaron nan ya rame da tunani, yana ganin kawunsa ba ya yi da shi. Zai zo gida hutun Ista, kuma na yi niyya in ya zauna cin abinci in faɗa masa abin da ka rubuta, ya san yana da mutum a sama. Har na sa an ajiye mini kaji biyu.

In akwai abin da kake so in ƙara masa daga bakinka, ka rubuto kafin nan.

Yayarka mai ƙaunarka,
Vernice


Nacogdoches, Texas
5 ga Afrilu

Yaya,

Ina fata kina lafiya. Ni ba lafiya ba.

Yau da rana wasiƙarki ta iso hannuna, da tambarin gidan waya biyar a bayanta. Wata guda tana bina gari gari. Ista ta wuce da kwana biyu. Na buga wayar ofishin coci sau huɗu, matar Fasto ta ce kina wurin aiki, ni kuma ba maganar da zan ba wani saƙo ba ce. In Allah ya sa ba ki faɗa masa ba tukuna, don girman Allah kada ki faɗa.

Ba yabo ba ne. A bakinmu, in an ce mai cafewa yana jin takun sawu, ana nufin in ya ji mai tsaro na tahowa sai ya janye hannu ya kare jikinsa, ya bar ƙwallo ta faɗi. Matsoraci ke nan. Ba zagin da ya fi wannan a wasan, kuma duk ɗan wasa ya san shi tun daga sakandare.

Ƙarya na yi masa, Yaya. Alton bai taɓa janye hannu ba. Na rubuta ne don Voss ya karanta ya cire shi daga ransa. Na ce a raina takardar gida ce, a ofishinmu za ta tsaya, sauran ƙungiyoyi su gan shi da idonsu su ɗauka. Da kika matsa mini na ba ki kalmomin don na san ba za ki gane ba. Na so in ce ban ɓoye miki komai ba, alhali na ɓoye. Wannan rashin kunyar tawa ce, ba ta kowa ba.

Akwai abin da ya fi wannan muni. Na manta abin da ke faruwa da ƙungiyar da ta zo ƙarshe. Bayan taron Fabrairu mai ƙungiya ya kori mataimakan koci biyar rana ɗaya, dukkansu sun karanta rahotona. Kafin mako uku kowanne ya sami aiki a wata ƙungiya, ya tafi da abin da ke kansa. Jiya a bakin fili wani abokin aiki daga can Yamma ya dafa kafaɗata ya ce, "Lem, kai namiji ne. Ɗan gidanku guda ka fasa masa ƙwai. Ni na so yaron nan, amma tunda kawunsa ya faɗa, wa zai yi musu?" Na ce masa kuskure na yi. Ya yi dariya ya ce, "Uwar ta kira ka ke nan."

Na je wurin mutum shida ina warware maganar. Duk wanda na gaya wa gaskiya sai ya ɗauka yanzu ne nake ƙarya. In na rubuta wa ofis cewa da gangan na yi, za su kore ni, sannan Voss ya ɗauke shi da gudu. In na yi shiru, kin ga abin da ke tafe. Saura mako uku zaɓe, kuma ban san ta inda zan ɓullo ba.

Ki yafe mini in za ki iya.

Lem


Belzoni
29 ga Afrilu

Lemuel,

Muna nan da rai. Wasiƙarka ta zo kwana shida bayan Ista. Sai yau na iya ɗaukar biro.

Na faɗa masa. Yana cikin cin kaza na ce, "Albishirinka, kawunka ya yabe ka wurin manya." Da na maimaita masa kalmomin sai ya ajiye cokali. Ya ce, "Haka ya rubuta, Mama?" Na ce haka, har ina dariya, ina ba shi labarin Kawu Booker. Ya ce, "Kazar ta yi daɗi." Ya tashi ya wanke farantinsa, ya fita ya gyara mini matakalar baya da ta shekara a karye. Ya bar ni da murnata. Sai da takardarka ta zo na san abin da na yi wa ɗana da bakina.

Ranar Talata da Laraba, ranakun zaɓen, muka zauna a ofishin coci, don lambar wayar nan Alton ya bayar. Matan coci suka kawo burodin masara da kuɓewa, Fasto ya sa kwat. Zagaye goma sha biyu aka yi ana kiran sunaye. Sau ɗaya waya ta yi ƙara, wata ce ke tambayar lokacin koyon waƙa. Zuwa yammacin Laraba mata suka fara kwashe kwanukansu ɗaya bayan ɗaya, ba mai kallon wani. Fasto ya ce ku mai gudu kuka ɗauka a ƙarshe, mai ƙungiya ya yi nasara. Wato ko ba ka yi ƙaryar ba, ba lallai su taɓa shi ba. Wannan na bar ka da shi.

Jiya da safe waya ta yi ƙara sau uku. Ashe wanda ba a zaɓa ba shi ke da 'yancin zaɓa, kowa na iya gayyatarsa gwaji ya je inda ya ga dama. Ƙungiya uku suka kira. Ta ukun Koci Voss ne da kansa. Ya ce, "An ce mini kana jin takun sawu. Ni kuma na ga hotunan wasanka, ban ji komai ba. Tsakiyata babu kowa. Za ka zo mu gani?"

Ban ƙona wasiƙarka ta Janairu ba. Na ruga gida na ɗauko ta na sa masa a hannu, na ce karanta, ka ga jifan asibiti, ka ga Wendell Ashby. Wannan karon na gane ta, Lem, kowane layi. Ya karanta har ƙarshe ya ninke ta. Na ce, "Ga ƙungiya biyu can, ka je ko wacce, na roƙe ka." Ya ce, "Mama, can duk sun cika da masu cafewa, mako biyu za su koro ni. Wurin Voss ne kawai ake neman irina." Na ce kawunka ya yarda ƙarya ya yi, ga takardar. Ya ce, "Ke kika sani, ni na sani. Duk ƙasar nan kuwa an ce ni matsoraci ne. A ofishinsu aka rubuta, a filinsu zan goge."

Na yi kuka, na yi faɗa, har na ce masa gara wuƙar kifi, ni da bakina. Ya rungume ni kawai. Ya riga ya ba su amsa.

Bas ɗinsa zai iso tashar garinku ranar Alhamis da ƙarfe huɗu na yamma. Ya ce kada ka zo. Ni na ce ka je. Batun yafiya kuma ka bar shi tukuna, ban kai can ba.

Ranar da Kessler ɗin nan zai fara jefa masa ƙwallo a tsakiya, ka tsaya a bakin fili ka kalla, kada ka kawar da kai. Ni ba ni da kowa a can sai kai. Duk abin da ka gani ka rubuto mini, da maganar da zan gane.

Vernice